Tambayoyin Masu Karatu: Ina So In Rage Tsayin Motata, Amma Ba Na So Ta Riƙa Jijjiga Ni

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Camry ƙirar 2008, 'yar Kwatano, kuma ina sha'awar in rage mata tsayi domin ta ɗan kwanta a kan tayoyinta, ta yi kyan gani. Bakanikena ya ce zai yanke zagaye ɗaya ko biyu daga kowane sifirin a gama magana, wani abokina kuma ya ce in sa mata rim mai inci 18. Damuwata ita ce da motar nake kai iyali gida lokacin Sallah, kuma ba na so laushin tafiyarta ya ɓaci. Mece ce shawararku? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da kake so mai yiwuwa ne, amma yana da iyaka, kuma iyakar ba ta wuce santimita 2 da rabi zuwa 3 ba.

Laushin tafiyar mota yana fitowa ne daga tazarar da taya take da ita ta hawa da sauka idan ta taka tudu ko ta faɗa rami. Sifirin shi ne yake ɗaukar nauyin motar, shokozoba kuma ita ce take hana shi ci gaba da tsalle bayan ya matse, sannan a can saman sandar shokozobar akwai wata 'yar roba da take tare ƙarfe kada ya daki ƙarfe idan tazarar ta ƙare. Duk santimita ɗayan da ka rage daga tsayin mota, daga wannan tazarar ka cire shi, shi ya sa dole sabon sifirin ya fi na asali tauri, in ba haka ba motar za ta riƙa zama a kan robar nan a kowane ɗan rami, kana jin dukan har cikin ƙashin bayanka.

Maganar yanke sifirin kuwa, ina roƙonka ka bar ta. Sifirin da aka rage wa zagaye yana ƙara tauri ba bisa wani lissafi ba, bakinsa da aka yanke ba ya zama daidai a mazauninsa, kuma da wuya huɗun su fito tsayi ɗaya. Wanda ya fi muni shi ne wanda ake gasawa da wutar walda har ya lotsa, domin zafin yana kashe ƙarfin ƙarfen, wata rana sai ya karye kana cikin gudu. Na taɓa tsayawa a wani gareji ana ciro irin wannan daga wata mota: ya rabe biyu daidai inda wuta ta taɓa shi, kaifin kuma ya riga ya fara cin gefen taya daga ciki.

Hanyar da ta dace ita ce ka sayi sifirin da aka ƙera musamman domin rage tsayi, irin waɗanda kamfanonin Jamus kamar Eibach da H&R suke yi, ka tabbatar an rubuta cewa na ƙirar motarka ne, ka kuma canja shokozoba huɗun a lokaci guda. A nan mutane da yawa suke yin tsimin da yake jawo musu asara. Shokozobar motar da ta shekara fiye da goma tana aiki ta riga ta gaji, kuma idan aka haɗa ta da sifirin mai tauri ba za ta iya riƙe shi ba, sai motar ta riƙa lilo bayan kowane tudu, ba da jimawa ba kuma ta fara yoyon mai. Ka nemi wadda aka yi domin gajeren sifirin, a sa sabuwar robar tarewa gajeriya tare da ita.

Shawarar abokinka ita ce za ta fi ɓata maka laushin da kake gudun rasawa. Yawancin irin motarka suna zuwa da taya mai lamba 215/60 R16, wato tsayin robar da ke tsakanin rim da kwalta ya kai milimita 129. Idan ka koma 225/45 R18, zai dawo kusan milimita 101, ka ga ka zubar da kusan santimita 3 na robar da take shanye ƙananan duwatsu da tsagewar titi tun kafin su isa ga sifirin, kuma rami ɗaya mai kaifi ya isa ya lanƙwasa rim ɗin ko ya kumbura gefen tayar. Ni dai da a hannuna take, zan bar ta a kan inci 16, in kuma ido ya matsa, in tsaya a 215/55 R17.

Kafin ka kashe ko sisi, ka yi wannan gwajin. Ka ɗauki mutum huɗu, ka sa buhun shinkafa da akwatuna a but kamar ranar tafiya gida, sannan ka auna daga ƙasa zuwa wurin da ya fi kusa da ƙasa a cikin motar, yawanci salansa ce ko kaskon man inji. Wannan ƙirar ko babu kaya tazarar ba ta kai santimita 15 ba. Ka cire 3 daga abin da ka samu, ka kwatanta da tudun rage gudu mafi girma a unguwarku da kuma hanyar garinku a tsakiyar damina. Idan yanzu ma salansa tana taɓa ƙasa, to, ka haƙura da rage tsayi, ka sa sababbin shokozoba kawai.

Idan lissafin ya ba ka dama aka yi aikin, ka gaya wa bakanike kada ya ƙarasa ɗaure kusoshin bushin, wato robobin da ke mahaɗar ƙarafan ƙafar mota, sai an sauke motar nauyinta ya hau kan tayoyi, domin idan aka ɗaure su tana rataye, robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Bayan mako ɗaya ko biyu, idan sifirin ya gama zama, ka kai ta a daidaita saitin tayoyi huɗun, saboda rage tsayi yana sa kan taya ya karkata ciki ya riƙa cinye gefe ɗaya, a kuma duba saitin fitilun gaba kafin tafiyar dare ta farko.