Tambaya da Amsa: Fadar Kisra Tana Nan Kuwa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Tun muna yara muke jin malamai a wajen Maulidi suna cewa fadar Kisra ta tsage a daren da aka haifi Annabi (SAW). Wai a ina wannan fada take, kuma akwai abin da ya rage daga cikinta? Daga wata mai karatu a Katsina.

Amsa: Malama, tana nan, sai dai ba a Iran ta yau ba. Tana Iraƙi, a bakin kogin Dajla, kimanin kilomita 35 kudu maso gabas da Bagadaza, a birnin da Larabawa ke kira Mada'in. Shi ne hedikwatar daular Sasaniyawa ta Farisa, wadda ta kafu a 224 ta faɗi a 651 miladiyya, kuma Kisra laƙabi ne da Larabawa ke kiran sarakunanta da shi. Ruwayar tsagewar kuwa, malaman hadisi suna da magana kan isnadinta, wannan fagensu ne. Ni ginin zan yi miki bayani, don ya cancanci a tsaya a kansa.

Abin da ya rage shi ne babban zauren da sarki ke karɓar baƙi, wanda ake kira Iwanu Kisra. Gabansa a buɗe yake, rufinsa kuma baka ne guda ɗaya mai tsayin kusan mita 37 da faɗin kusan mita 26. Babu ƙarfe, babu ginshiƙi a tsakiya, gasasshen bulo ne kawai da farar ƙasa mai saurin kamawa. Magina sun jera bulon layi-layi, kowane layi yana jingine da na bayansa, har bakan ya haɗe ba tare da an tokare shi da katako ba. Kaurin bangon a ƙasa ya kai mita 7, yana sirancewa har ya koma kusan mita 1 a can sama, don nauyi ya sauko a hankali. Duk wanda ya taɓa ɗaga kai ya kalli ginin bakan gizo da ke riƙe da rufin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya zai gane hikimar, sai dai wannan ya ninka shi nesa ba kusa ba. Masana da yawa suna danganta ginin ga Kisra Anushirwan, wanda ya yi mulki daga 531 zuwa 579, wasu kuma suna cewa ya girme shi.

A 637, bayan yaƙin Ƙadisiyya, Sa'adu bin Abi Waƙƙas ya shiga birnin, Sarki Yazdajirdu ya gudu, aka yi salla a cikin zauren nan. Salmanul Farisi ya yi gwamna a Mada'in, kabarinsa ma yana kusa, shi ya sa garin yanzu ake ce masa Salman Pak.

Gina Bagadaza a 762 ne ya kashe birnin. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Halifa Mansur ya sa a rushe fadar a kwashi bulonta, sai kuɗin rushewar ya fi amfanin bulon, ya haƙura. Ambaliyar 1888 ta cinye ɓangare ɗaya na fuskar ginin, kuma a 2019 wani yanki ya sake zubewa bayan ruwan sama. Wannan yana damuna ƙwarai, domin ginin da ya tsallake yaƙe-yaƙe masu yawa, danshi da rashin kula ne ke neman ganin bayansa.