Yawan kisan gilla a Amurka da masu aikata shi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kullum ake kisan gilla a Amurka, kuma ko masu taɓin hankali ne ke yi. Ya danganta da ƙirga. Ƙungiyar Gun Violence Archive, mai lissafa duk harbin da ya samu mutum 4 ko fiye ko da ba su mutu ba, ta ƙirga sama da 600 a 2023. In sai mutum 4 sun mutu, wajen 30 ne a shekara, kusan rabi cikin gida: magidanci ya hallaka matarsa da 'ya'yansa. Wannan ya fi tayar min da hankali, don ba a cika yayata shi ba. Masu aikatawa kusan duk maza ne. Galibi ba hauka ba ne, ƙunci ne, aiki ya tafi ko aure ya mutu, kuma da yawa sukan furta niyyarsu tun kafin ranar.