Me zan saya in fara zana abin da nake gani a sama?

Tambaya: Malam, na ɗan tara kuɗi zan sayi madubin hangen nesa don in riƙa zana taurari da ramukan wata. Na ga guda uku: mai faɗin milimita 100 da kwamfuta ke juyawa ya nemo tauraro da kansa, da mai milimita 200 da ake turawa da hannu, sai wani siriri mai milimita 60 da aka rubuta a kwalinsa yana girmama abu sau 600. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Ɗan'uwa, na ukun nan ka bar shi inda ka gan shi. Madubi ba ya girmama abu da kyau fiye da ninki biyu na faɗinsa a milimita, wato mai 60 iyakarsa wajen sau 120. Abin da ya wuce nan dusu-dusu ne kawai.

Tsakanin sauran biyun, ni babban zan ɗauka. Aikin madubi tara haske ne, kuma in faɗi ya ninka biyu, hasken da yake tarawa ya ninka huɗu. Ka duba gungun taurarin nan M13: a mai milimita 100 kamar ɗan curin auduga zai fito maka, a mai 200 kuwa za ka ga gefensa ya tarwatse zuwa ƙananan taurari da za ka iya ɗigawa da fensir ɗaya bayan ɗaya. Mai zane wannan yake nema. Irin da ake turawa da hannu ana ce masa Dobsoniyan, daga sunan John Dobson da ya yaɗa shi a Amurka, kuma kuɗinka kusan duk a madubin yake tafiya.

Sai dai yana da tasa wahalar. Duniya tana juyawa digiri 15 a awa, don haka abin da kake kallo yana silalewa. A girmamawa sau 48 kana da kamar minti huɗu kafin ya fice, a sau 200 kuwa minti ɗaya ne, ka tura, ka koma kan takarda. Hannu yana sabawa cikin 'yan darare. Nauyinsa kuma ya kai kilo 20. In ka san sai ka hau bene da shi, ko ramukan wata kaɗai ne a ranka, ɗauki ƙaramin mai bin tauraro da kansa.

Tambaya: Na nemo Andiromeda, babban tarin taurarin nan mai nisa, amma farin tabo kawai na gani, ba launi, ba komai irin na hoto. In mayar da madubin ne, ko in sayi kyamara?

Amsa: 'Yar'uwa, madubinki lafiyarsa ƙalau. Kyamara tana tara haske na awanni, ido kuwa ba ya ajiya, kuma a duhu ba ya rarrabe launi. Tabon nan da kika raina haske ne da ya yi tafiyar shekara miliyan biyu da rabi kafin ya iso idonki.

Kafin ki kashe ko sisi, ki gwada wannan. Ki zaɓi daren da babu farin wata, nesa da fitilu. Ki zauna a duhu minti 20 zuwa 30 ba tare da duba waya ba, domin kallo ɗaya ya isa ya mayar da ke baya. Sannan kada ki ƙura wa abin ido kai tsaye, ki ɗan kalli gefensa, don gefen ido ya fi tsakiya kama haske mai rauni. Da ido da fensir masanin taurari Lord Rosse ya zana karkacewar wani tarin taurari mai suna M51 a 1845 a ƙasar Ailan, tun kafin a iya ɗaukar hotonta.

Kayan zanen ba su da yawa: fensir HB don taurari, 2B ko 4B don hazo, takardar murzawa, magogi, allon riƙe takarda, da jar tocila mai rauni, kujera kuma. Kujerar nan kada ki raina ta, wanda ke zaune ya fi na tsaye gani. Ki zana da'ira, ki fara ɗiga taurari masu haske, sannan ki murza hazon. Baƙi a kan fari za ki yi, daga baya kwamfuta ta juya shi ya zama fari a kan baƙi. Abin da nake roƙonki, kada ki duba hoto kafin ki zana, domin hannu zai saka abin da ido bai gani ba.

Tambaya: Na zana wata daren sha huɗu, ya fito ba rami ba tudu. Akwai gilashin da zan saya?

Amsa: Gilashin rage haske zai hutar da idonka, amma ba zai dawo da ramuka ba. Inuwa ce ke fito da su, kuma cikakken wata ba shi da ita. Ka jira ya zama rabi, ka bi layin da ya raba haske da duhu, inda masanin taurari Galileo ya ga duwatsu a 1609. Kwana ɗaya ko biyu bayan rabin farko ramin Kofanikas mai faɗin kilomita 93 zai bayyana. Ka zaɓe shi shi kaɗai, ka fara da iyakar inuwa, ka gama ta cikin rabin awa kafin ta gusa.