Amsa ga Amarya: kek a tukunya da aisin a wannan zafin

(muryar da Anti ta turo guruf jiya da yamma, an rubuta ta saboda masu cewa data bata isa su saurara ba)

Assalamu alaikum mutanen gida, barkanku da yamma, ya zafi ya yara. Toh Amarya naji saƙonki tun safe wallahi, sai yanzu na samu kaina, kiyi haƙuri. In na fahimce ki daidai abu biyu kika tambaya, na farko kince sau biyu kina gwada kek a tukunya tunda baki da oban, gefe ya ƙone tsakiya kuma ya lotsa kamar an zauna a kai, na biyu kuma walimar saukar 'yar yayarki ranar Asabar kina so ki mata kek mai ado da 'yar kwalliya a tsakar gida amma kina tsoron aisin, wato haɗin nan mai zaƙi da ake shafawa a jikin kek, ya narke miki. Ko ba haka ba? Yawwa.

Bara in fara da gaya miki gaskiya, rashin oban ba shine matsalarki ba. Ni nan da kike gani na kai shekara uku ina gasa kek a tukunyar dalma kafin Alhaji ya siyo min oban, kuma har yau in gas ya ƙare tukunyar nake jawowa. Abin da ke kashe mana kek awo ne da wuta, shikenan. Mun saba da girkin ido, ki ɗibi wannan ki watsa wancan miya tayi daɗi, toh kek bai san wannan ba, kek ɗan ƙa'ida ne. Kince da gwangwanin madara kike awo, fulawa uku siga biyu, to kinga nan aka fara samun matsala, dan gwangwani ɗaya na siga yafi gwangwani ɗaya na fulawa nauyi nesa ba kusa ba, kofin awo ɗaya na fulawa wajan giram 125 ne amma na siga ya kai 200, sannan ita fulawar ma in kin danna ta daban in kin tankaɗe ta daban. Dan Allah in kin shiga kasuwar Sabon Gari nan Kano wajan masu kayan kek ki sayi ɗan ƙaramin sikelin nan mai batir, sau ɗaya zaki saya ki huta.

Ga awon da nake yi a gwangwanin inci 8, ki rubuta. Bota giram 250, Simas nake sawa ni dai, siga 250, fulawa 250, ƙwai 5 in madaidaita ne in kuma manya ne 4 ya isa, bakin hoda, wato hodar nan da ke sa kek ya tashi, ƙaramin cokali 2 a shafe ba a cike da tozo ba, madara ta ruwa kamar babban cokali 3, sai filebo na ƙamshi. Kinga kowa nauyinsa ɗaya, ba abin mantawa. Ki fara buga bota da siga, ki buga ki buga har sai kalar ta koma fari-fari tayi sakayau, in da muciya ne zaki kai minti 15 hannunki zai gaya miki, ki kira yara su taya ki. Sai ƙwai ɗaya bayan ɗaya, kar ki juye su gaba ɗaya haɗin zai tsinke yayi gudaji kamar kindirmon da ya kwana. Fulawa kuma ki tankaɗe ta tare da bakin hodar, kuma daga kin zuba ta an gama bugu, juyawa kawai zakiyi a hankali har farin ya ɓace ki tsaya. Masu cigaba da tuƙa ta kamar tuwo su ne kek ɗinsu ke fitowa da tauri yana danƙo.

Af, bakin hodar nan taki, yaushe kika buɗe ta? In ta jima a kicin ki ɗibi rabin cokali ki zuba a ruwan zafi, in ta taso da kumfa shuuu tana nan da ranta, in tayi shiru ki zubar. Kuma kar kice bara in ƙara dan ya tashi da kyau, ita ce ma ke sa ya kumbura da wuri kafin cikin ya ƙanƙame sai ya dawo ya zauna, lotsawar nan da kike gani rabinta daga nan ne.

Yanzu wuta, nan ne wajan. Ki samu yashi ki wanke ki shanya ya bushe ƙarau, ki zuba a gindin tukunya kaurin yatsa biyu, in baki da yashi gishiri ma yana yi. Ki rufe ki ɗora minti 10 zuwa 15 tukunyar ta ɗau zafi tukuna, kar ki saka kek a tukunya mai sanyi. Sannan gwangwanin kek ɗin kar ya zauna kan yashin kai tsaye, ki jera murfin kwalba na ƙarfe ko ƙananan duwatsu uku ki ɗora a kai, kuma kar ya taɓa jikin tukunyar, ina ga abin da ya ƙona miki gefe kenan. A oban digiri 180 ake gasawa, mu da bamu da ma'auni sai mu rage wuta can ƙasa, in gas ne ƙaramin kan nan ki mayar dashi ƙarshe, in gawayi ne ki bari ya ruru ya fara yin farin toka ki rage shi, ba lokacin da yake ci bal-bal ba. Haɗin kuma kashi biyu cikin uku na gwangwanin zaki cika, ki bar masa wajan tashi.

Sai babban laifin, leƙe. Amarya na san ki, nasan kin buɗe tukunyar nan yafi sau biyar. Minti 30 na farko ko me zai faru kar ki ɗaga murfin, duk buɗewa zafin ne ke gudu, shi kuma tsakiyar bai riga ya tsaya da ƙafarsa ba sai ya rufta. Hancinki zai gaya miki, in ƙamshi ya cika gidan har maƙota sun fara aiko yara, toh lokacin zaki duba. Ki soka tsinken sakace a tsakiya, in ya fito fes ya gasu, in ya fito da danshi ki mayar ki ƙara minti 10. Yawanci minti 45 zuwa awa ɗaya yake ɗaukar min. In kina so saman yayi ja ki ɗora 'yan garwashi huɗu biyar kan murfin a ƙarshe, murfin ƙarfe fa ba na gilas ba.

Toh aisin. Hmm, ni wannan na koye shi ne da hawaye. Wata shekara a watan Afrilu, sunan ɗan ƙanwata a Dorayi, na kwana ina kek hawa biyu, nayi masa aisin ɗin bota shuɗi da fari, na zana fulawowi a gefe na rubuta barka da suna a sama, ni kaina da na kalla sai da nace masha Allah. Ƙarfe ɗaya na rana na ɗauko shi a cinya cikin adaidaita, muka zo Kabuga muka tarar da cunkoso, ina jin kwalin yana ɗumi a ƙafata ina ta salati. Da muka isa na buɗe, hawan sama ya zame ya jingina da kwali, rubutun ya gangaro, barka tana sama suna tana gindin faranti, shuɗin ya haɗe da farin yana ɗiga kamar fentin da ruwa ya daka. Wata gwaggon mijinta ta leƙo tace wannan kuma wane irin fate ne. Wallahi har yau in an taru sai an tuna min.

Dalilin kuwa a fili yake, bota tana fara narkewa tun wajan digiri 32 zuwa 35, mu kuma Kano daga Maris zuwa Mayu muna taka 40, kinga ai ba faɗa. Dan haka in dai a tsakar gida za'a ajiye kek ɗin ki manta da wifin kirim kwata-kwata, wato kirim ɗin nan da ake bugawa yayi kumfa, wannan ɗan firij ne, kuma wuta ba tabbas. Kiyi na bota amma ki raba, rabi bota rabi farin man nan da masu kayan kek ke cewa shotanin, shi yafi jure zafi, sai aisin shuga, wato sigar nan mai laushi kamar gari, ninki biyu na nauyinsu, wato in man duka 250 ne sigar 500, a tankaɗe. Ruwa ko madara da cokali zaki dinga ɗigawa ba zubawa ba. Kuma kek ɗin ya huce sarai, ni ranar Juma'a da daddare nake gasawa in naɗe a leda, da asuba in yi ado kafin rana ta ɗaga. Ki fara shafa siriri ya kama ɓurɓushin, ki barshi ya ɗan sha iska, sannan ki shafa na biyun. Hawa ɗaya ya ishe ki wannan karon, kar ki biye wa hotunan Instagram.

Fondan kuma, wato kwaɓin sigar nan da ake murzawa a lulluɓe kek da shi, ni bazan baki shawara ki fara koyonsa kwana uku kafin taro ba. Yana jure zafi fiye da bota gaskiya, amma da hunturu tsagewa yake, da damina kuma ya dinga gumi yana naso. In dai zaki haɗa watarana ki duba jelatin ɗin da zaki saya, wato abin da ke sa shi danƙo, ya zamana akwai alamar halal, dan akwai wanda da alade ake yi, haka filebo ma ki karanta jikin kwalbar wasu da giya ake jiƙa su. Kala kuma ta kwalba mai kauri ki saya ki dinga ɗiba da bakin tsinke, ta ruwa tana tsinka aisin. Wata a guruf ɗin nan ta taɓa tambaya ko za'a iya da zoɓo, eh ana yi, ki dafa shi yayi kauri sosai ki ɗiga kaɗan a aisin yana bada ruwan hoda mai kyau da ɗan tsami-tsami, amma kar ki zuba a cikin haɗin kek mai bakin soda, wato 'yar uwar bakin hoda, komawa yake wata kala toka-toka ba kyan gani.

Kwalliya kuwa kar ki wahalar da aljihunki. Tunda sauka ce ki yanka kwali siffar allo ƙarami, ki naɗe da takarda mai ruwan gwal, ki rubuta sunanta da barka da sauka, ki manna a tsinken tsire ki soka a saman kek ɗin, wallahi yafi na siyarwa ma'ana. Ayar Alƙur'ani dai kar a rubuta a jikin kek ko kwalin da za'a yar. Bayan teburin ki rataya farin zanin gado ko labule, ki sa yaran gidan su yanka takarda kala-kala su ninke kamar mafici a jera a zare, su ma sun samu abin yi sun bar ki kin sarara. Balan-balan kar a hura su tam, kuma a inuwa, rana na dukansu zaki ji tas tas, kuma duk wadda ta fashe a tsince ta nan take saboda masu rarrafe, suna kaiwa baki su shaƙe, wannan ba wasa bane.

Sannan 'yan makarantarsu in sun zo ai kek ɗaya bazai zagaya ba, ki ninka awon nan kiyi ƙanana a ƙaramin gwangwani, minti 20 sun gasu, kowa a sa masa ɗaya a leda da cincin, manya kuma ki fito musu da alkaki da dubulan dan su Hajiya ba kek ne a gabansu ba. In fulawa da siga da yawa zaki saya ki shiga kasuwar Singa yafi sauƙi akan kantin unguwa.

Kai an kira la'asar, bara in tashi. Ki ɗauko min hoton tukunyar taki da gwangwanin ki turo in gani ko zasu shiga juna, kuma gobe ki gwada rabin awon nan tukuna kafin Juma'a, ki yanka ki turo min hoton cikin.