Yarona ya ce ko yau ya bar ni zai samu aiki

Wani mai shagon gyaran waya a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano ne ya turo min wannan: "Malam, yaron da na koya wa aiki shekara 4, yanzu shi ke min aikin bod (allon da ke cikin waya) da canza IC (ƙananan na'urorin da ke manne a jikin allon), ya ce in ban ƙara masa ba zai tafi, wai akwai masu jiransa. Dubu 40 nake ba shi a wata. In bar shi ya tafi ko in lallaɓa shi?"

To Alhaji, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, yaron nan ba cika baki yake ba. Mai canza sikirin ko cajin fot ko'ina akwai shi, amma wanda zai ɗora waya matacciya a ƙarƙashin maikiroskof, ya bi layin wuta da mita har ya gano inda ta yi shot, wato inda wuta ta haɗu ba daidai ba, ya tashe ta, irinsu ba su da yawa, kuma maƙwabtanka ma sun san da shi, wataƙila har sun yi masa tayi a wajen mai shayi.

Ka ɗauko littafin shago ka duba watan jiya, kuɗin aiki nawa ya shigo ta hannunsa bayan ka cire kuɗin kaya. In ya kai dubu 300 kai kana ba shi 40, ai shi ma ya iya lissafi. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 dubu 70 ne, duk da dai dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma da shi yara ke auna kansu yanzu, ga kuɗin adaidaita tun da aka cire tallafin mai a 2023 sai addu'a.

Ni da ni ne ba albashi zan ƙara ba, kaso zan yanka masa, kamar 30 cikin 100 na duk aikin da ya yi, ranar da babu kasuwa kowa ya ji a jikinsa. Sannan ku zauna gaban babansa ko wani dattijo a kasuwa ku sa lokacin da za ka yaye shi, shekara 2 misali, da abin da za ka sallame shi da shi, a rubuta a takarda. Sharaɗin kawai kafin lokacin ya koya wa wasu ƙananan yara biyu aikin bod.

Kai ma Alhaji ka riƙa zama kan teburin nan, yaushe rabonka da riƙe bulowa, na'urar nan mai hura iska mai zafi da ake cire IC da ita? Kuma lambar da kwastomomi ke kira ta zama ta shago, ba ta aljihunsa ba.