Sitiyari Na Rawa: Wane Kaya Za a Saya, Wane Za a Bari?

Tambayoyi huɗu ne suka taru wannan makon a kan abu guda, wato rawar sitiyari, kuma biyu daga cikin masu tambayar an riga an lissafa musu kayan da za su sayo. Abin da muke fara tambayar duk mai irin wannan matsala shi ne: yaushe rawar take zuwa? A kan gudu ne, ko sai an taka birki, ko sai an ba ta wuta, ko tana tsaye? Kowane lokaci da nasa mai laifin.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2010. Ina aiki a Gombe, iyalina suna Bauchi, kusan duk Juma'a ina kan hanya. A cikin gari lafiya ƙalau take, amma da maleji ya kai 90 sai sitiyari ya kama karkarwa a hannuna, in na kai 120 kuma ya lafa. Bakanike ya ce in sayo tayarod biyu da shokozoba biyu na gaba, sannan a yi alayimen. In saya?
Daga wani ma'aikaci, Pantami.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Rawar da ke somawa wajen 80 zuwa 110, ta kuma lafa in an wuce nan, kusan kullum daga taya da rim take fitowa. In ka sayo waɗancan kayan yanzu, an bar jaki ana dukan taiki.

Ga abin da ke faruwa. Taya mai lamba 195/65 R15, wadda Corolla da yawa ke ɗauka, tana juyawa kusan sau 14 a daƙiƙa ɗaya in kana kan 100. Idan gefe ɗaya na rim ya fi ɗaya nauyi da giram 30 kacal, a wannan gudun giram ɗin yana fizgar ƙafar motar da ƙarfin kusan kilo huɗu da rabi, sama da ƙasa, sau 14 kowace daƙiƙa. Akwai wani gudu da wannan fizga take daidaituwa da lilon da ƙafar motar ke yi da kanta, a nan ne rawar ke tsananta. In ka wuce gudun sai ta ragu a hannunka, amma fizgar tana nan tana cin boris da shokozoba. Saboda haka kada ka mai da 120 magani.

Fara da abin da ba a biya. Leƙa bayan kowane rim da fitila. Da damina laka kan bushe ta manne a ciki, kuma dunƙulen laka mai girman ƙwai ya isa ya kawo duk abin da ka bayyana. Duba ko ɗaya daga cikin ƙananan dalmar da ake maƙalawa a bakin rim ta faɗi. Za ka ga gurbinta ya fi sauran wurin haske. Auna iska da safe kafin taya ta ɗau zafi, ka bi lambar da ke jikin takardar da aka manna a dogaran ƙofar direba. A irin motarka ba ta wuce geji 30 zuwa 32, alhali masu faci da yawa sun saba ɗura 40 ko 45. Iskar da ta yi yawa ba ita ke haifar da rawa ba, amma tana sa a ji ta sosai, tana kuma cinye tsakiyar taya.

Daga nan sai balansin, a wurin da ke da na'urar juya taya. Ka tsaya a kai. A cire tsofaffin dalma duka, a wanke rim, sannan a ɗora. Na'urar tana nuna lamba biyu, ta ciki da ta waje, kuma aiki bai ƙare ba sai an sake juyawa dukansu sun nuna sifili. Rim na ƙarfe yana ɗaukar dalma mai ƙugiya, na alminiyam kuma mai manne ta fi dacewa da shi. Yayin da tayar ke juyawa, zuba ido a bakin rim da saman taya. In ka ga tana tsalle ko tana kaɗa kai hagu da dama, rim ya lanƙwashe ko tayar ta karkace, kuma dalma ba ta gyara wannan. In na'ura ta nemi nauyi mai yawa a gefe guda, kamar giram 70 ko fiye a ƙaramar taya, a sassauta tayar a juya ta rabin zagaye a kan rim, a sake gwadawa. Wani abu da ake yawan mantawa shi ne ruwa. Injin iska da ba a zubar da ruwan tankinsa yakan tura ruwa cikin taya, kuma tayar da ke da ruwa a ciki, duk juyin da aka yi wata lamba dabam za ta bayar.

In babu na'ura kusa, mai da tayoyin gaba baya, na baya gaba, kowace a ɓangarenta. Idan rawar ta bar sitiyari ta koma kujera, ka kama ɓarawon.

Maganar tayarod kuwa, wato sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafar mota, ba a saya sai an gwada. A ɗaga gaba da jak, a sa matokari, a kama tayar hagu da dama a girgiza. In akwai wasa ko ana jin ƙwas-ƙwas, to tayarod ko rakin sitiyari ya saki. A kama sama da ƙasa a girgiza. Wasa a nan na boris ne ko bol joyin. Ka sa hannunka ka ji da kanka. Shokozoba da ya mutu yakan jiƙe da mai, yana kuma barin taya ta ci tudu da kwari kamar an sassaƙe ta. Alayimen kuma maganin mota mai ja gefe ne da tayar da ke cin gefe ɗaya. Ana yin sa bayan an canza tayarod, amma shi kaɗai ba ya kawar da irin rawar da kake ji.

Tambaya: Motata Honda Accord ce. Ba ta rawa ko kaɗan sai na taka birki daga gudu, musamman a gangaren shigowa gari, sai sitiyari da abin taka birkin su dinga bugawa. Wani ya ce a kai diski a fere, wani ya ce in sayi na Beljiyam, wani ya ce sabo. Wanne ya fi?
Daga wata Hajiya, Tumfure.

Amsa: Hajiya, kin riga kin yi rabin aikin da kika lura sai da birki take zuwa. Diskin birkin gaba ne. Mutane kan ce ya lanƙwashe, amma galibi kaurinsa ne ya daina zama ɗaya a duk zagayen: wani wuri ya ɗan fi kauri, sai fad ɗin birki ya dinga kamawa yana saki. Bambancin da bai kai kaurin gashin kai ba ya isa ki ji shi a ƙafa. Abu ɗaya za ki ware: in sai kin yi birki na gaggawa a kan yashi ko jiƙaƙƙen titi ne abin takawar ke bugawa da sauri, wannan aikin ABS ne, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi, ba ciwo ba ne.

Awo ne zai zaɓa miki. A jikin kowane diski, a gefe ko kusa da tsakiya, an buga iyakar siririntarsa, sau da yawa da alamar MIN TH da lamba a milimita. Yawanci milimita 2 ne zuwa 3 ƙasa da kaurin sabo. A auna da ma'auni, ban da ƙiyasin ido. In bayan fira zai kasance sama da wannan lambar, kuma babu tsagewa ko tabon shuɗi na ƙonewa, a fere, shi ya fi sauƙi. In zai sauka ƙasa, a jefar, domin siririn diski yana saurin ɗaukar zafi, rawar ta dawo cikin 'yan watanni, ƙarfin birki kuma ya ragu a daidai gangaren da kike buƙatarsa. Na Beljiyam ba ma hana shi gaba ɗaya, tunda wani ya fi sabon jabu ƙarfe mai kyau, amma da sharaɗin an auna kaurinsa a gabanki, kuma mai shago ya yarda a mayar in ya yi rawa. Ko wanne kika zaɓa, a yi hagu da dama tare, a sa sabon fad. Tsohon fad ya riga ya ɗauki siffar tsohon diski.

Inda aka fi ɓata aikin shi ne wajen ɗaurawa. Fuskar da diski ke zama a kai sai an goge ta da burushin ƙarfe har tsatsa ta fita, domin ɗan ɓarɓashin tsatsa a ƙarƙashi zai sa sabon diski ya zauna a karkace, ya ci kansa. A zaro sandunan nan biyu da kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad a jikin diski, ke zamewa a kai, a wanke, a shafa musu giris na birki. Giris na gama-gari yana kumbura robarsu. Kalifar da ta maƙale tana riƙe fad a jikin diski ko ba a taka ba. Alamarta, bayan tafiya za ki ji rim ɗaya ya fi ɗan'uwansa zafi nesa ba kusa ba, wani lokaci har da ƙauri. Notunan taya kuma a ɗaure su a tsallake, ɗaya sannan wanda ke fuskantarsa, da sifana mai awo. A awon ƙarfin ɗauri, Honda irin taki Nm 108 take so, Corolla 103. Yaron gareji da ke hawa kan wil sifana da ƙafa yana tsalle yana iya karkata diski, ya kuma miƙar da zaren ƙusa.

Bayan an gama, a nemi hanya marar cunkoso, a yi birki matsakaici sau takwas zuwa goma daga 60 zuwa 20 ba tare da tsayawa cak ba, don fad ya kwanta. A gangare mai tsawo kuma ki sauko da giya ƙasa maimakon riƙe birki tun daga sama. In kin sauko, kada ki shiga wurin wanki kai tsaye a watsa wa diski mai zafi ruwan sanyi.

Tambaya: Ina jan Sharon, Gombe zuwa Kaltungo, wani lokaci har Yola. Na sa tayoyin Beljiyam biyu a gaba, wata bai cika ba sitiyari ya fara kaɗawa hagu da dama tun ina kan 20 ko 30, kamar motar na ɗingishi. An yi balansin, bai daina ba. In ƙara yin wani?
Daga wani direba, Tashar Dukku.

Amsa: Direba, kada ka sake ɗaukar fasinja sai ka duba wannan. Kaɗawa a ƙaramin gudu ba matsalar balansin ba ce, domin a 20 nauyin dalma bai isa ya motsa komai ba. Alama ce ta wayoyin cikin taya sun rabu da roba. Ɗaga motar, juya tayar a hankali, ka bi samanta da tafin hannu (a hankali, waya na iya fitowa ta yanke ka). Za ka ji wani wuri ya yi tudu, ko ka ga layin zanen ya karkace kamar tafiyar maciji. Irin wannan tayar ce ke fashewa da rana tsaka a kan kwalta mai zafi, mota cike da mutane da kaya. Ba a facinta, ba a mai da ita baya. Kafin ka ɗaga ma, taɓa notuna ka tabbatar babu wanda ya kwance, don shi ma yana kawo irin wannan kaɗawar.

In za ka sayi wata, nemi rubutun DOT a gefenta, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta tsufa tana iya zuwa da zane mai zurfi, amma robarta ta bushe; lanƙwasa gefen ka ga ko akwai ƙananan tsage. Leƙa cikinta ka ƙirga faci, ka guji duk wadda aka yi wa faci a gefe. Ka guji masu alamar dutse da ƙanƙara a ciki, don ƙasashen sanyi aka yi su, robarsu taushi gare ta, zafin watan Maris da Afrilu na nan yana cinye ta da wuri. Duba kuma lambar ɗaukar nauyi ta kai wadda aka rubuta wa motarka, tunda Sharon mai lodi ba Corolla ba ce. Ra'ayinmu a fili yake: ga motar haya mai dogon zango, sabuwar taya matsakaiciyar daraja mai kwanan wata na kusa ta fi tsohuwa mai babban suna. Araha ba ta ado.

Tambaya: Tawa tana rawa ne in na tsaya a danja da giya a D, musamman in na kunna esi. Da na tashi sai ta daina. Ko tayoyi ne?
Daga wata malamar makaranta, Jekadafari.

Amsa: Malama, taya ba ta juyawa a tsaye, don haka ki cire ta daga lissafi. Mai da giya N. In rawar ta ragu sosai kuma sautin injin sumul yake, robobin da injin ke zaune a kansu ne suka tsage ko suka zauna, a duba su ɗaya bayan ɗaya a canza wanda ya mutu. In a N ma injin na tuntuɓe, allurar silo na hawa da sauka, ko fitilar injin ta kama, to mai yiwuwa silinda ɗaya ce ba ta ƙona mai daidai. A sa na'urar kwamfuta ta nuna wace silinda ce kafin a sayi fulogi ko koyil, a kuma wanke maƙogwaron iska. Idan wata rana kika ji rawar ta koma sai kin taka totur a kan hawa, ta ɗauke da zarar kin ɗaga ƙafa, wannan kan shaf na ciki ne, shaf kuwa shi ne sandar da ke kai juyin inji zuwa taya. A leƙa ƙarƙashi a duba robarsa. In ta yage za a ga baƙin giris ya fantsama a kewayen wurin.