Zuƙe majina ta bututun maƙogwaro: yana karya azumi?

Tambaya: Malam, maigidana an huda masa maƙogwaro an sa roba, ta nan yake numfashi. An sallamo mu, muna ƙauyenmu a ƙasar Ringim, ni nake zuƙe masa majina da inji. Ya kafe sai ya yi azumi. Zuƙewar tana karya azumi ko alwala?

Amsa: Baiwar Allah, Allah ya ba maigida lafiya, ya saka miki da alheri.

Zuƙewar ba ta karya azumi. Siririn tiyon da kike zurawa hanyar iska yake bi, ba ta abinci ba, kuma fitarwa yake yi. Inda ake taka-tsantsan shi ne ruwan gishirin da wasu ke ɗigawa a bututun don majinar ta saki. A mazhabar Malikiyya, ruwa in ya isa maƙoshi azumi ya karye, sai ramuwa, ba kaffara.

Alwala ma tana nan, tasa da taki. Shehu Halil ya lissafa majina da kaki cikin abubuwa masu tsarki a Muhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya. Ɗan jinin da kan biyo ta, in bai wuce faɗin dirhami (tsabar kuɗin dā) ba, an yi rangwame.

Amma ni abin da ya fi damuna shi ne kafewar tasa. Iskar da ke shiga ta wannan roba ba ta bi ta hanci ba, balle ta jiƙe. In ya wuni bai sha ruwa ba, ga zafin Jigawa, majinar sai ta yi kauri ta daskare, ta toshe bututun. Allah ya yi wa mara lafiya sauƙi a Suratul Baƙara, aya ta 185. Ku tambayi likitansa. In ya ce akwai haɗari, shan ruwa ya zama wajibi, kafewa kuma laifi ne. Ya rama in ya warke. In ciwon ba na warkewa ba ne, an so ya ciyar da mudun Annabi kowace rana.

Ko salla kike yi kika ji yana kakari, ki yanke ki je, daga baya ki sake. Kada ki bar tiyon a ciki fiye da daƙiƙa 15, don iskarsa ma yake ja. Ku nemi injin da ake takawa da ƙafa, tunda wutar ƙauye ba abin dogaro ba ce.

Wallahu a'alam.